Tilasta wa Ɗaliban Jami'a Halartar Lacca: Me Takardar Sa Hannu Take Aunawa?

Duk wanda ya taɓa zama a babban zauren lacca ya san yadda takardar halarta take yawo. Malami yakan miƙa ta ga na layin gaba kafin ya soma magana, ta bi layi bayan layi har ta kai ƙurya, kowa ya rubuta lambarsa ya sa hannu. A wani wuri takan ɗan jima fiye da kima, domin mai riƙe da ita yana da amanar abokai uku da ba su zo ba, kuma sai ya sauya biro ya karkata rubutu don kada hannun ya fito iri ɗaya. Idan ta dawo, malamin da idonsa ya nuna masa cewa zauren bai kai rabi ba sai ya tarar da takarda cike fal. Yawanci yakan ninke ta ya jefa a jaka ba tare da ya ce uffan ba. Da wannan takarda ce za a yanke hukunci a ƙarshen zango a kan wanda zai shiga jarrabawa da wanda za a tsayar a bakin ƙofa.

Ƙa'idar da ta fi yaɗuwa ita ce ta kashi 75 cikin 100, wato sai ɗalibi ya halarci kashi 75 na darussa kafin a bar shi ya shiga jarrabawa. Ita ce hukumar kula da jami'o'in Indiya ta shimfiɗa, ita ce kuma ake samu a littafin dokokin jami'o'i da dama na Nijeriya. A makarantun koyon aikin likita na Indiya an ƙara tsanantawa, inda ake neman kashi 75 a darussan aji da kashi 80 a aikin gwaji da na asibiti. A wasu ƙasashen kuwa al'amarin ya sha bamban. Jihar North Rhine-Westphalia ta Jamus ta yi doka a 2014 wadda ta hana jami'o'inta sanya halarta a matsayin sharaɗin shiga jarrabawa, in ban da darussa irin su koyon harshe da aikin gwaji da fita fage, sannan a 2019 sabuwar gwamnati ta sassauta dokar ta mayar wa jami'o'i ikon yanke shawara da kansu. A jami'o'in Oxford da Cambridge na Ingila akasarin laccoci ba dole ba ne, amma ƙaramin zaman da ɗalibi ɗaya ko biyu ko uku suke yi da malami a kan rubutun da suka kawo ba a wasa da shi, kuma ana buƙatar ɗalibi ya kwana a garin a lokacin zango. Ƙasashe masu jami'o'i na gari sun ɗauki matsayi mabambanta, wata jiha ma ta sauya ra'ayi cikin shekara biyar, kuma wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa maganar ba ta da sauƙin da kowane ɓangare yake ɗaukarta da shi.

Masu goyon bayan tilastawa suna da hujjar da ba a iya kauda kai daga gare ta, wato ɗaliban da suke zuwa aji sun fi cin jarrabawa. A wani nazari da ya wallafa a 1993, masanin tattalin arziki David Romer ya ƙirga ɗalibai a azuzuwan tattalin arziki na wasu manyan jami'o'i uku a Amurka, ya tarar cewa a kowace rana kusan kashi ɗaya cikin uku ba sa zuwa. Da ya duba sakamakon wani kwas da yake koyarwa, sai ya ga mai halartar kowace lacca yana fita da kimanin B+, mai halartar kashi ɗaya cikin huɗu kuma yana ƙarewa a C-. A 2010 Marcus Credé da abokan aikinsa suka tattara bincike masu yawa da suka shafi ɗalibai sama da 20,000, suka gano cewa yawan halarta ya fi sakamakon sakandare da makin jarrabawar shiga jami'a nuna yadda ɗalibi zai ƙare. Duk malamin da ya shekara goma yana duba takardun jarrabawa zai ce bai ji sabon labari ba.

Sai dai akwai tambayoyi biyu a nan waɗanda ake yawan cakuɗawa. Ta farko ita ce ko zuwa aji yana da amfani, ta biyu kuma ita ce ko tilasta zuwa aji yana da amfani. Ɗalibin da yake tashi da sassafe ya je lacca ba tare da an tsare shi ba, galibi shi ne mai karanta abin da aka ba shi, shi ne mai yin aikin gida a kan lokaci, shi ne kuma wanda rayuwarsa take da natsuwar da za ta bar shi ya yi hakan. Idan ya ci jarrabawa, da wuya a rarrabe rabon laccar daga rabon halinsa. Wanda aka koro zuwa aji da barazana zai zauna a kujerar da wancan yake zama, amma barazanar ba ta zuba masa halin wancan. Shi ya sa a cikin wannan nazari na Credé, da aka ware 'yan binciken da suka auna dokar tilastawa ita kanta, ribar da aka gani ƙarama ce idan aka kwatanta da ƙarfin alaƙar da ke tsakanin halarta da maki.

Gwaje-gwajen da suka fi kusa da amsa tambaya ta biyu ba su yi magana da murya ɗaya ba. Carlos Dobkin da abokansa sun wallafa wani a 2010 daga wata jami'a a Amurka, inda aka wajabta zuwa aji a kan ɗaliban da makinsu na gwajin tsakiyar zango ya faɗi ƙasa da matsakaici. Da aka kwatanta waɗanda suka faɗo ƙasan layin da kaɗan da waɗanda suka tsallake shi da kaɗan, mutanen da kusan ƙoƙarinsu ɗaya ne, sai aka ga waɗanda aka tilasta sun fi yin kyau a jarrabawar ƙarshe. A 2021 kuma Sacha Kapoor da abokansa suka wallafa nazari a kan wata babbar jami'a a ƙasar Holan, wadda ta wajabta wa 'yan shekara ta biyu masu matsakaicin maki ƙasa da 7 cikin 10 halartar kashi 70 na ƙananan azuzuwan bita. Halarta ta ƙaru sosai, maki bai ƙaru ba, a wasu kwasa-kwasan ma raguwa ya yi. Bayanin da masu binciken suka bayar shi ne cewa dokar ta ƙwace wa ɗaliban damar raba lokacinsu yadda ya fi musu amfani. Sa'ar da aka shafe a aji, da wadda aka shafe a hanyar zuwa da dawowa, an cire su ne daga wani wuri, kuma wani lokaci daga karatun da ɗalibi yake yi shi kaɗai aka cire su.

A ganina saɓanin waɗannan sakamako bai zama abin mamaki ba, domin kalmar "aji" tana rufe abubuwa da yawa da ba su yi kama da juna ba, dokar kashi 75 kuwa tana yi musu kuɗin goro. Lacca a asalinta karatu ce a bayyane. A jami'o'in Turai na farko, kafin Gutenberg ya kawo na'urar ɗab'i a wajajen 1450, littafi abu ne mai tsada da wuyar samu, don haka malami yakan karanta matani ya yi sharhi, ɗalibai suna saurare suna rubutawa. Wanda bai zo ba ya rasa littafin kansa. Yau ɗalibi yana da littafin a wayarsa, yana da bayanan malamin, sau da yawa ma yana da laccar wani malami a wata nahiya a kan wannan batu, wadda zai iya tsayarwa ya maimaita sau biyar. Idan abin da zai tarar a zaure shi ne mutum yana karanto rubutun da aka haska a allo, kalma bayan kalma, daga takardun da ba a sabunta ba shekara da shekaru, to ƙin zuwansa hukunci ne da ya yanke da hankalinsa, kuma ba lalle ne ya yi kuskure ba.

Masanin tattalin arziki Adam Smith, wanda ya yi karatu a Oxford daga 1740 zuwa 1746 ya kuma fito yana ƙorafin cewa malaman can sun daina ko da nuna alamar koyarwa, ya rubuta a 1776 cewa dokokin ladabtarwa na kwalejoji an tsara su ne domin sauƙin malamai, kuma laccar da ta cancanci a halarta ba ta buƙatar a koro mata mutane. Maganar tana da zafi, kuma ta wuce gona da iri, tun da akwai malamai na ƙwarai da ake guje wa azuzuwansu don kawai darasin yana da wuya ko an sa shi da sassafe. Amma ta taɓa wani abu na gaskiya. Kujerun da babu kowa saƙo ne ga malami da sashensa, kuma dokar tilastawa tana toshe wannan saƙo. A Jami'ar Bologna ta Italiya a zamanin da, inda ƙungiyar ɗalibai ce take ɗaukar malamai tana biyansu, dokar ta fuskanci ɗaya ɓangaren ne: malamin da ya kasa tara ɗalibai biyar a laccarsa ta yau da kullum, shi ake ci tara kamar bai zo aiki ba.

Akwai kuma azuzuwan da abin da ke faruwa a cikinsu ba ya shiga littafi. A 2014 Scott Freeman da abokansa suka haɗa bincike 225 a fannonin kimiyya da injiniya da lissafi, suka samu cewa a azuzuwan lacca zalla kimanin kashi 34 na ɗalibai suke faɗuwa, a waɗanda ake sa ɗalibai warware matsala da tattaunawa a cikin aji kuma kimanin kashi 22. Darasin da ke cikin wannan ga muhawararmu shi ne cewa darajar halarta tana bin abin da ake yi a ajin. Inda malami ya jefa tambaya, ya bar ɗalibai su yi gardama da na kusa da su, ya zagaya ya ga inda suka ɓata, ya gyara a take, wanda bai zo ba ya yi asarar da kwafin bayanan abokinsa ba zai mayar masa ba. Irin wannan malami da wuya ya dogara da takardar sa hannu, domin aikin da ɗalibi ya miƙa a ƙarshen sa'ar shi ne shaidar zuwansa, kuma aboki ba ya iya yi wa mutum uku.

Wurin da ban ga wata jayayya mai ƙarfi ba shi ne inda rashin zuwan mutum yake cutar da wani. Ɗalibin likita da bai bi zagayen duba marasa lafiya ba, bai taɓa ɗora abin sauraren ƙirji a kan mai ciwon huhu ba, zai iya haddace littafi ya ci jarrabawar rubutu, amma takardar da za a ba shi alkawari ce ga jama'a cewa hannunsa ya san aikin. Haka ɗalibin haɗa magunguna, da ma'aikaciyar jinya, da malamin da aka tura koyon koyarwa, da wanda zai yi aiki da sinadarai masu ƙuna bayan ya tsallake darasin kiyaye haɗari. Ƙaramin aji na mutum goma sha biyu da aka gina a kan tattaunawa shi ma yakan mutu idan biyar kawai suka zo, kuma waɗanda suka karanta suka zo su ne aka zalunta. A ajin koyon harshe abokin zamanka shi ne kayan aikinka. A duk waɗannan wurare halarta wani ɓangare ne na aikin kansa, kuma ko dokar Jamus ta 2014, da duk sassaucinta, ta keɓe yawancinsu. Malaman hadisi na Dimashƙa da Alƙahira a ƙarnonin baya sun fahimci wannan ta tasu hanyar: a ƙarshen littafin da aka karanta a majalisi sukan rubuta sunayen waɗanda suka saurara, har su nuna wanda wani sashe ya kuɓuce masa, domin izinin ruwaya shaida ce da wasu za su dogara da ita daga baya.

Hujjar da ɗalibai suka fi so ita ce cewa su manya ne, sun kai shekarun zaɓe da aure, saboda haka su ne za su san yadda za su yi da lokacinsu, jarrabawa kuma ta yi alƙalanci. Tana da tushe mai tsawo a al'adar jami'ar Jamus tun kafa Jami'ar Berlin a 1810, inda ake ɗaukar 'yancin ɗalibi na zaɓar abin da zai saurara a matsayin abin da ya raba jami'a da sakandare. Ana kuma iya nuna jami'o'in da suke ba da digiri mai daraja ba tare da zaure ba, kamar shirin karatu daga nesa na Jami'ar Landan da ya faro a 1858, da Jami'ar Afirka ta Kudu wadda Nelson Mandela ya kammala digirin lauya da ita a 1989 yana tsare. Amma hujjar tana da rauni a wuri ɗaya, wato shekarar farko. Yaro ko yarinya mai shekara 18 da ya fito daga makarantar da ƙararrawa take tsara masa kowace sa'a, ba ya yanke shawarar barin kwas a rana ɗaya. Yakan fasa zuwa ranar Litinin da niyyar ramawa, sai ya ga laccar Laraba ta ginu a kan ta Litinin bai fahimci komai ba, sai kunya da gajiya su hana shi zuwa ta mako mai zuwa, kafin ya ankara zango ya raba tsakiya. Barcin safiyar yau yana hannu, faɗuwar wata uku masu zuwa kuwa tana nesa, kuma ɗan Adam bai iya auna irin wannan ciniki ba ko da ya girma.

Ɗalibai da kansu sun san wannan rauni nasu. Simon Cullen da Daniel Oppenheimer na Jami'ar Carnegie Mellon sun wallafa wani gwaji a 2024, inda aka bai wa ɗalibai zaɓi a farkon zango: ko halartarsu ta shiga lissafin maki, ko kada ta shiga. Mafi rinjaye suka zaɓi a ɗaure su da dokar, kuma suka fi waɗanda aka ɗora wa ita ba shawara riƙe zuwa aji har ƙarshen zango. Gwaji ne a jami'a ɗaya mai zaɓaɓɓun ɗalibai, don haka bai kamata a ɗora masa kayan da ya fi ƙarfinsa ba, amma ya nuna cewa igiyar da mutum ya ɗaura wa kansa ba ta yi masa ciwo kamar wadda aka ɗaura masa.

Abin da ya fi damuna a dokar kashi 75 shi ne hukuncinta da kuma waɗanda yake faɗawa a kansu. Ba kowane mai fashin aji ne malalaci ba. Akwai mai aikin da da shi yake biyan kuɗin makaranta, akwai mai shayarwa, akwai mai jinyar mahaifi, akwai mai ciwon da yake tashi ba sanarwa kamar sikila ko farfaɗiya, akwai mai fama da damuwar da ba ta da takardar asibiti. Mai abokai da yawa a aji yana da masu sa masa hannu, wanda ba shi da kowa shi ne lissafi yake kamawa, ta haka dokar takan hukunta mai gaskiya da maraya ta bar mai wayo. Sannan hana shiga jarrabawa hukunci ne mai ban mamaki idan aka yi masa kallon tsanaki: ana zargin ɗalibi da cewa bai koyi darasi ba, sai a hana shi abu ɗaya da zai tabbatar ko ya koya ko bai koya ba. Sakamakon yakan zama maimaita shekara, da kuɗinta, da kunyarta. A 2016 wani ɗalibin lauya a Delhi ya kashe kansa bayan an hana shi jarrabawa saboda ƙarancin halarta, lamarin da ya kai ga kotunan Indiya suka shafe shekaru suna duba ko irin wannan ƙa'ida ta dace. Inda kuma aka bar wa malami shi kaɗai ikon yafewa ko ƙin yafewa, an miƙa masa makamin da malamin kirki ba ya buƙata, wanda ba na kirki ba kuwa ya san abin da zai nema a madadinsa.

Ya kamata kuma a faɗi cewa wani ɓangare na ƙirga kawuna ba shi da alaƙa da ilimi. Jami'o'in Birtaniya suna bibiyar ɗaliban ƙasashen waje ne saboda sharuɗɗan biza, kuma a 2012 an janye wa Jami'ar London Metropolitan lasisin ɗaukar irin waɗannan ɗalibai na wani lokaci, bisa dalilan da suka haɗa da rashin sa ido a kan halarta. A Amurka, idan mai cin tallafin karatu na gwamnatin tarayya ya bar makaranta a tsakiyar zango, lokacin da ya daina zuwa yana shiga lissafin kuɗin da za a mayar. Waɗannan dalilai ne na hukuma da kuɗi, kuma suna da hurumi, tun da mai biyan kuɗin karatun wani yana da haƙƙin sanin ko ana karatun. Na'urar ɗaukar zanen yatsa da katin da ake gogawa a ƙofa sun rage sa hannun ƙarya, sai dai abin da suke tabbatarwa bai wuce cewa jiki ya shigo ɗaki ba. Darussan intanet na 2020, lokacin annobar korona, sun nuna iyakar wannan ma'auni ƙarara: suna yana kan allo, kyamara a kashe, mai sunan kuma Allah kaɗai ya san inda yake.

Matsayina shi ne a raba hukuncin gwargwadon irin ajin. A ɗakin gwaje-gwaje da asibiti da fage da ƙaramin ajin tattaunawa a wajabta halarta, a ma ɗaga ta sama da kashi 75, tare da tanadin ranar ramuwa ga mai uzuri. A babbar lacca a ci gaba da ɗaukar suna, musamman ga 'yan shekarar farko, amma a cire takardar daga ƙofar jarrabawa a kai ta teburin mai ba ɗalibai shawara. Sunan da ya ɓace mako uku a jere alama ce da take zuwa tun kafin sakamakon jarrabawa, a lokacin da kiran waya ɗaya ko tambayar "lafiya kuwa?" za su iya dawo da mutum. Wannan ya fi aika takardar kora wahala da tsada, domin yana buƙatar ma'aikacin da zai karanta rajistar a mako na huɗu, alhali a yawancin wurare sai a mako na ƙarshe ake buɗe ta. Idan malami yana son a zo, ya ware wani kaso na maki ga aikin da ake yi a cikin aji, ya kuma bar wa kowa damar rasa biyu ko uku ba tare da an tambaye shi dalili ba, don kada mara lafiya ya zama mai roƙo a ofis.

Akwai wani lissafi kuma da littattafan dokoki ba su cika yi ba, wato kashi 75 na mene ne. Idan an tsara lacca 13 a zango, malami ya zo 6, sannan ya tara sauran a kwana biyu na makon ƙarshe a lokacin da ya ga dama, ɗalibin da ya rasa waɗannan kwana biyu saboda sun ci karo da wani kwas ya faɗi ƙasa da layi ba tare da ya yi fashin ko sa'a ɗaya ta jadawalin da aka ba shi ba. Jami'ar da take son ta riƙe ɗalibi da takardar sa hannu tana buƙatar takarda ta biyu, wadda wakilin aji zai riƙa rubuta ranar da malami ya zo, da ƙarfe nawa ya shiga, da abin da ya koyar, a kuma ajiye ta a fayil ɗaya da ta ɗaliban.